Kirsimeti a Tahoua: Daga Zariya Zuwa Ƙasar Adar

Ranar Litinin 23 ga Disamba, 2024, na isa tasha a Zariya tun masallatai ba su kira assalatu ba. Hunturu ya sauko da ƙarfinsa a makon, hazo ya dushe fitilun titi, kowa ya ƙudundune a bakin teburin mai shayi. Kayana ba su da yawa: jakar tufafi, galan ɗin manja da uwargidana ta naɗe cikin leda ta ɗaure da igiya, ƙullin citta da daddawa, turmin atamfa biyu da takalman yara. Duk na gidan yayata ne, wadda aure ya kai Tahoua, a ƙasar Adar ta Jamhuriyar Nijar, shekaru da dama da suka wuce. Mijinta ya rasu a watan Oktoban 2023, lokacin iyakar Najeriya da Nijar tana rufe saboda juyin mulkin 26 ga Yuli, don haka ko mutum ɗaya daga danginmu bai tsaya a bakin kabarinsa ba. Ta waya muka yi ta'aziyya, muna jin kukanta yana yankewa tare da layi. An buɗe iyaka a watan Maris na 2024, sai damina ta zo da ambaliyar da ta cinye hanyoyi a Nijar, aka tsayar a gida cewa da zarar an ba da hutun makaranta ni zan je.

Naira 16,000 na biya zuwa Sakkwato, aka karɓi 1,000 a kan manja. Daga Giwa zuwa Funtua hira ake yi, ana ta maganar tsadar fetur da farashin masara. Muna barin Funtua muka doshi Tsafe sai mota ta yi tsit. Duk wanda ya san hanyar nan ya san dalili. Dattijon da ke gefena ya zaro carbi, matar da ke bayanmu ta rungume ɗanta, ni kuma ina maimaita Zabura ta 121 a zuci, wadda Innarmu ta koya mana muna yara. Direba ya take mota bai ɗaga ƙafa ba sai da muka hango gine-ginen Gusau, a nan ne wani ya ce "Alhamdulillahi" da ƙarfi, duk muka amsa da baki ɗaya, ba wanda ya tsaya duba ko wane ne ke amsawa. Bayan Gusau muka wuce Bunguɗu, Maru, Talata Mafara da Tureta, muka shiga Sakkwato da la'asar.

Na kwana a wani ƙaramin masauki kusa da tasha a kan naira 9,000, ɗaki mai fanka da bokitin ruwa. Da dare na ci tuwon shinkafa da miyar kuka a bakin titi, na koma na kwanta, barci ya ƙi zuwa. Ban da manja da atamfa, akwai saƙon da nake ɗauke da shi daga Kawu, ƙanen Innarmu, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu. Cewa ya yi in lallashi Yaya ta tattaro yara ta dawo gida. A ganinsa mace mai takaba a ƙasar da ba tata ba, cikin garin da Kirista ba su da yawa, ba ta da kowa. Ni ma a daren nan haka nake gani.

Washegari da sassafe na shiga motar Illela, naira 4,000. Tafiyar ba ta kai kilomita ɗari ba, ta Kware da Gwadabawa, amma shingayen masu kaki sun sa ta zama doguwa. A wasu wuraren direba ko birki ba ya takawa sosai, hannu kawai yake miƙawa ta taga. A Illela na nemi 'yan canji. Na miƙa naira 150,000, aka miƙo mini sefa 60,000, 'yan takardu da suka shige aljihun gaba ba tare da sun tayar da shi ba. Lokacin da aka kai Yaya ɗakinta sefa 1,000 ba ta kai naira 300 ba, mu ne muke zuwa Nijar da kumburin aljihu. A Disambar 2024 kuwa sai ka ba da kusan naira 2,500 kafin a ba ka ita. Mai canjin, wani matashi Ba'adare, ya ga yadda na tsaya ina kallon kuɗin, ya ce, "Malam, haka duniya take, yau gare ka gobe ga ɗan'uwanka."

Ɗan acaɓa ya kai ni bakin iyaka. An duba fasfo da katin allurar shawara a ɓangarenmu, aka sake dubawa a nasu, aka tambaye ni wurin wa zan je da kwana nawa zan yi. Jami'in da ya buga mini hatimi ya karanta sunana, ya ɗago kai ya ce, "Salla za ka yi a Tawa ke nan? To, barka da salla." Daga nan na hau kabu-kabu, wato acaɓansu, zuwa tashar Birnin Ƙonni.

A Ƙonni na fara karatun lissafi. Na zauna wurin mai shayi na ci dogon burodinsu da soyayyen ƙwai da kofi mai madara, na tambayi kuɗi, ya ce dala ɗari da ashirin. A Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, kowace dala sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari sefa 500, sefa 1,000 kuma jaka. Kuɗin karin kumallona sefa 600 ne. Har na baro ƙasar sai na ninka a kai kafin in sa hannu a aljihu, alhali yarinya mai tallar gyaɗa tana ba ka canji kafin ka gama buɗe baki. A lokacin fetur a gidan mai sefa 499 ne lita, tun ragin da gwamnatinsu ta yi a tsakiyar shekarar, kuma a tasha an ce mini cinikin fetur ɗin kwalba da Ƙonni ta shahara da shi ya ja baya tun da aka cire tallafi a Najeriya a 2023.

Motar Tahoua ƙaramar bas ce, jaka uku kujera. Sai da rana ta ɗaga sosai ta cika. An bi babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, a Tsarnawa aka karya hagu aka nufi arewa, hanyar da ke wucewa har Agadas. Tsarin shingensu ya bambanta da namu. Jandarma zai leƙo ya karɓi katin kowa, ya koma rumfarsa, sai yaron mota ya dawo da katunan yana kiran sunaye. Mu baƙi biyu, ni da wani ɗan Binin mai gyaran firiji, a kan sauke mu a yi mana tambayoyi, a rubuta a babban littafi. Ba wanda ya ɗaga mini murya. A cikin mota kuwa muhawara ce ta ɓarke kan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, wadda ta tabbata daga baya a ƙarshen Janairun 2025. Wani saurayi da ke dawowa daga Legas, inda yake sayar da goro da kayan tireda, ya ce shi dai a bar masa hanya a buɗe, don rabin samarin ƙauyensu a Najeriya ko Abijan suke cin rani. Wata tsohuwa ta ce da shi, "Ɗiyana, tun ba a yi iyaka ba kakanninka ke tahiya Sakkwato."

Ƙasar Adar ta duwatsu ce. Wanda ya taso a Zazzau, inda ko da rani akwai mangwaro da ɗorawa a ko'ina, zai yi shiru in ya ga tudun nan masu baƙin dutse da jar ƙasa, da rumbunan laka manya masu kumburin ciki a bakin kowane ƙauye. A jikin wasu tuddan an jera duwatsu layi-layi, an haƙa ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwan sama, aikin hannu ne na mutanen da suka ƙi yarda ƙasarsu ta mutu. Irin wannan aiki ne ya ɗaukaka sunan Keita, gabas da Tahoua, tun daga 1984. A cikin kwari kuma, inda ruwa ke kusa, sai ka ga kore shar na albasa da tumatir.

Mun wuce Badagishiri da kaɗan motar ta fara tari, ta mutu. Direba da yaronsa suka shige ƙarƙashinta, mu kuma muka fake a inuwar wata aduwa da ba ta kai ta rufe mu duka ba. Iskar hunturu tana kaɗa ƙura a ido, leɓɓa sun tsage, ruwan da na sayo a Ƙonni ya ƙare. Hankalina yana kan agogo, don a daren ne ake sujadar jajibirin Kirsimeti. Can sai ga wata mata ta fito daga wasu gidaje da ke nesa da titi, da ƙwarya a kai, yarinya na biye da ita da jarkar ruwa. Ta sauke ta ce, "Sannunku da tahiya, ga hura." Fura ce ta gero zalla da nono mai tsami, ba sukari, ludayi biyu muka yi ta zagayawa da su. Saurayin Legas ya ciro kuɗi, ta ja da baya ta ce ita ba talla ta kawo ba. Ba ta tambayi sunan kowa ba, ba ta tambayi garin kowa ba. Ta jira muka shanye, ta ɗauki ƙwaryarta ta koma. Ban daɗe da shan abin da ya ratsa ni irin furar nan ba.

Rana ta yi ja kafin mu shiga Tahoua. Babban ɗan Yaya ya tarye ni a tasha. Na bar shi yaro a zuwansu Zariya na ƙarshe, yanzu ya fi ni tsawo, muryarsa sak ta mahaifinsa. Kabu-kabu biyu muka ɗauka, dala sittin-sittin. Titunan tsakiyar gari masu faɗi ne da fitilu, an ce yawancinsu aikin bikin Ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba, na 2017 ne, wanda Tahoua ta karɓi baƙuncinsa, amma da ka shiga unguwa sai rairayi, babur yana tafiya yana rawa.

Yaya tana tsaye a ƙofar gida. Ta rame, furfura ta fito mata a goshi. Na durƙusa zan gaishe ta, ta kama kafaɗuna ta ce, "Autan Inna, kai ne?" Daga nan ba wanda ya iya ƙara magana. Ta'aziyyar da aka yi ta waya fiye da shekara guda, a ƙofar gidan nan aka yi ta da gaske. Wata dattijuwa daga gidan da ke jikin nasu ta fito, ta tsaya har muka natsu, sannan ta ce, "Kun zaka lahiya? Ku shiga ciki, ruwa na wuta." Yaya ta ce mini, "Hajiya ke nan, uwata ta nan garin."

Na yi wanka, na ci shinkafa da wake da yaji, muka kama hanyar majami'a a ƙafa.

A gida, jajibirin Kirsimeti a cocinmu na Samaru babban taro ne. Mutane sun fi dubu, janareta yana ruri, ga ƙungiyar mawaƙa da gita da ganguna, ga Zumuntar Mata cikin anko, ga masu tsaron ƙofa da na'urar bincike, motoci har bakin titi. A Tahoua ɗaki ne madaidaici mai rufin kwano a cikin shinge, da 'yan sanda biyu zaune kan benci a waje. Mutanen ciki ba za su wuce ɗari da 'yan kai ba, har da yara. Kirista a Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba bisa ƙidayar 2012, ko da yake 25 ga Disamba ranar hutu ce a ƙasar. Akwai Hausawan Adar da na Gobir, akwai Gurmawa, akwai 'yan Togo da Binin masu sana'a a gari, da ɗaliban jami'a da ba su samu zuwa gida ba. Ana magana da Hausa, wani matashi yana juyawa zuwa Faransanci. Kayan kiɗa ganga ɗaya ce da tulu da kacau-kacau.

Da aka ɗaga waƙar farko sai na ji tsigar jikina ta tashi, don waƙar da muke yi a gida ce, kalma da kalma, daga littafin waƙoƙi iri ɗaya. Ba abin mamaki ba ne in aka bi tarihi. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) da ya haifi ikilisiyar ECWA a wurinmu shi ne ya shiga Damagaram a 1924, daga baya ya kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi, kuma daga aikinsa ne ikilisiyar EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, ta fito. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka kammala a 1932 shi kakanninmu da nasu suka koyi karatu da shi. Na san wannan a takarda tun tuni, amma jin bakin tsofaffin matan Adar suna rera abin da Innarmu take rerawa tana tankaɗe wani abu ne dabam.

Yara suka yi wasan haihuwar Yesu. Makiyayan sun zo da ɗan akuya na gaske, wanda ya yi ta kuka har aka gama, ba kuwa wanda ya ga baƙon abu a ciki, don rabin yaran nan suna kiwo in sun taso daga makaranta. Sai Baba Fasto ya miƙe, dattijo siriri cikin farar riga da rawani a wuya saboda sanyi. Ya karanta Luka sura 2, ya rufe littafin. Ya ce umarnin Kaisar Augustas ne ya tashi Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar da ba ta gaza Ƙonni zuwa nan ba, da tsohon ciki, babu mota. Ya ce duk wanda ya taɓa tsayawa a shinge ana rubuta sunansa a littafi, duk wanda ya taɓa isa garin mutane da dare aka ce masa babu wuri, ya san halin da aka haifi Mai Ceto a ciki.

Sannan ya ce: "Sarki in yana da magana da talaka, dogari yake aikawa. In maganar ta yi nauyi, ya aiko waziri. Wa ya taɓa ganin sarki ya sauko daga doki, ya sunkuya ya shiga bukkar talaka, ya kwana kan tabarmarsa, ya sha daga randarsa? Allah ya yi magana da kakanni ta bakin annabawa, sau da yawa, ta hanyoyi da yawa. Daga baya ya zo da kansa. Ku ne kuke cewa zuwa da kai ya fi aike." Ya ci gaba da cewa wanda aka kwantar a komin dabbobi ya san yunwa, ya san gajiyar hanya, ya yi gudun hijira zuwa Masar yana jariri, ya tsaya a bakin kabarin abokinsa Li'azaru ya yi kuka. Ya juya wajen bencin mata ya ce, "Saboda haka ke da kika binne naki, kada wani ya ce miki Allah yana can nesa yana kallo." Bai kira suna ba, kuma ba Yaya kaɗai ce mai takaba a wurin ba. Na ga mata uku ko huɗu sun ja mayafi sun rufe fuska.

Na sha jin wa'azin Kirsimeti, wasu daga bakin masu digiri a tauhidi. A 'yan shekarun nan yawancin abin da ake faɗa mana a birane shi ne shekara mai zuwa za ta zo da buɗi, da mota, da ƙarin girma, har mutum ya fara auna kusancinsa da Allah da abin da ya shigo aljihunsa. Wanda kuwa shekarar ta karya shi sai ya koma gida yana jin an manta da shi. Abin da dattijon nan ya faɗa shi ne asalin abin da muka gaskata: Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu, kuma cikin matalauta da baƙi da masu makoki ya fara zama. Ina ganin muna bukatar a riƙa maimaita mana wannan a Zariya da Kaduna da Jos fiye da yadda ake yi.

Ranar Laraba, ranar salla, tun duhu-duhu aka hura wuta. Ɗan Hajiya ne ya zo ya yanka akuyar da Yaya ta yi wata uku tana kiwo, don kowa a unguwa ya ci ba tare da shakka ba. Haka ma muke yi a gida. Manjan da na kawo ya shiga miya, kuma kafin mu tafi sujadar safe 'yan matan gida sun fara fita da kwanuka. Na ƙirga gidaje har na bari. Kwanukan ba sa dawowa wayam: wannan da dabino, wannan da cuku, wancan da 'yan kuɗi a ƙasan kwano na yara. Yaya ta ce da Babbar Salla naman da ke shigowa gidanta ya fi na wasu masu layyar.

Bayan sujada aka ci abinci tare a harabar majami'a, kowane gida da tukunyarsa. Na zauna kusa da wani tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya daga Yamai. Yana can a watan Janairun 2015, lokacin da zanga-zangar zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta buga ta juye kan majami'u, aka fara a Damagaram ranar 16, washegari aka ƙona da dama a Yamai. Ya ce maƙwabcinsa Musulmi ne ya shigar da shi da iyalinsa ɗakin matarsa, ya fito ya zauna a ƙofar gida da buta da tabarma har ƙura ta lafa. Ranar Lahadin da ta biyo baya sun yi sujada a cikin toka, ba rufi, ba benci. Na tambaye shi ko bai ji tsoro ba. Ya ce ya ji, har yau ma in ya ji hayaniya a titi gabansa na faɗuwa, amma bai taɓa tabbatar da cewa Yesu yana tsakiyarsu ba irin ranar.

Da yamma na shiga gaishe da Alhaji, mijin Hajiya. Yana zaune a zaure da abokinsa Buzu, ana dafa shayi a kan ɗan murhun waya. Ya ce mini su ma suna girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa, akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunanta, amma maganar cewa Allah ya zama mutum, nan kam hanya ta rabu. Na ce haka ne, Baba, nan ta rabu, kuma a kan wannan maganar bangaskiyarmu ta tsaya. Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini kofi na biyu. Sai ya ce marigayi maƙwabci ne na ƙwarai, shekara da shekaru yana ɗinka wa 'ya'yansa kayan salla, ba su taɓa sa-in-sa ba, kuma muddin yana raye ba mai taɓa gidan nan.

Sai da yara suka kwanta na isar da saƙon Kawu. Yaya ta saurara har na gama. Ta ce a daren da maigidanta ya cika babu wuta a unguwa, layin Najeriya kuma ya ƙi shiga. Ihun farko da ta yi, Hajiya ce ta shigo ko takalmi babu, ta riƙe ta har gari ya waye. Matan ikilisiya suka raba kwana a tsakaninsu, fiye da wata guda ba ta kwana ita kaɗai ba. Kuɗin makarantar babban yaron, dattawan ikilisiya ne suka haɗa, mutanen da wasunsu ko keke ba su da shi. Kirsimetin 2023 ta kasa fita, ta rufe ɗaki ta kwanta. Da aka tashi daga sujada sai ta ji ganga a ƙofar gida: ikilisiyar ce gaba ɗaya, da Baba Fasto da yara da tukwanen abinci, suka cika tsakar gida suka yi waƙoƙin haihuwa, matan unguwa suna leƙe ta katanga. Ta ce, "Auta, a da ina karanta cewa Ubangiji yana kusa da masu karyayyar zuciya, ina wucewa. A shekarar nan na san gaskiya ne. Ka gaya wa Kawu na gode, kuma zan zo da yara in an yi dogon hutu. Amma kada ya kwana da tunanin ba ni da kowa." Ban ƙara ko kalma a kan saƙon ba, don abin da na gani tun daga ƙofar gida ya riga ya ba ni amsa.

Alhamis na zaga gari da yaran. Kusan kowace rumfa mai talabijin cike take da masu kallon kokawar takobi, gasar da jihohin Nijar takwas ke karawa a cikinta, wadda aka fara a nan Tahoua a 1975. In ɗan Adar ya kayar da abokin karawarsa, ihu kake ji daga unguwa zuwa unguwa. A kasuwa na sayi cuku da kilishi na jaka biyar, da takalmin fata na uwargida.

Ranar Juma'a muka fita da Yaya da babban ɗanta zuwa ƙauyen marigayi, kusa da Galmi, inda aka binne shi. Mun koma Tsarnawa, muka yi gabas ta Malbaza mai masana'antar siminti. A Galmi na ga asibitin mishan da aka buɗe a 1950, wanda marasa lafiya ke zuwa har daga Sakkwato da Zamfara. Bakin ƙofarsa cike da masu jinya da masu abinci da amalanken jakuna. Kabarin yana bayan gari, tudun ƙasa da aka kewaye da duwatsu, da ƙaramin gicciyen ƙarfe da ɗansa ya sa aka ƙera. Na yi addu'a a madadin gidanmu duka, na ambaci Kawu da sauran 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyar marigayi, tsohuwa tukuf, ta riƙe hannuna ta ce yau ta san surukanta sun zo.

Ba a bar ni na tafi hannu sake ba. Ƙannen marigayi suka cika mini rabin buhu da jar albasar Galmi, wadda ake lodinta a manyan motoci zuwa Gana da Kodebuwa. A bakin titi muka rabu da Yaya, su suka tsaya jiran motar Tahoua, ni na shiga ta Ƙonni a kan jaka ɗaya da rabi. Na tsallaka Illela kafin magariba, na mayar da ragowar sefata naira, na sake kwana a Sakkwato. Da safe yaron motar Zariya ya ɗaga buhun albasar ya ce 2,000, muka daidaita a 1,500. Hanyar Tsafe ta sake yin shiru, Allah kuma ya sake fitar da mu lafiya, muka shiga Zariya bayan la'asar.